Ɗan kwikwiyo mai ɓata tsakar gida: sanda ba ta gyara shi



In kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, mutane da yawa su kan nemi ɗan kwikwiyo su kawo gida. Dalili a fili ya ke: ga ɓarayin dare, ga dila mai ɗaukar kaji da ƴan awaki, ga dabbobin sake masu shiga garka. Amma kafin sati 2 sai gida ya rikice. Kwikwiyo ya yi kashi bakin murhu, ya yi fitsari gindin randa, ya ɓata tabarmar da a ke shanya gari. Uwargida ta yi fushi, kuma da gaskiyarta. Maigida ya ɗauki sanda. A yi duka yau, a yi gobe, abu bai sake ba. Daga nan sai a ce ai wannan kare taurin kai gare shi, a kore shi, ya shiga cikin karnukan da ke yawo bisa juji da bayan mahauta.

Ni dai a ganina, cikin kwikwiyo goma da a ke kira masu taurin kai, da wuya a samu guda wanda laifin nashi ne. Kawo shi aka yi aka sake cikin gida, ba a nuna mashi wuri ba, ba a sa mashi lokaci ba, sa'an nan aka hau shi da duka don bai san abin da ba a koya mashi ba. Ɗan maraƙin da za mu sa ma galma mu kan yi watanni muna horonshi, mu ja shi da igiya, mu saba mashi da murya. Don me kare kaɗai za a ce ya iya aiki ran da ya zo?

Wani zai ce, malamin gona, ina ruwanka da kashin kare? Kuma ai kare ba abin sawa ɗaki ba ne. Haka ne, ban ce a sa shi ɗaki ba. Malamanmu sun faɗa mana an yarda a ajiye kare don gona, ko don garke, ko don farauta, kuma ƙwaryar da ya sa ma baki a wanke ta sau 7. Sauran bayani yana wurinsu. Abin da ni ke magana bisa shi shi ne tsakar gida, wurin da mata ke daka, yara ke rarrafe, tumaki ke cin harawa. Kashin kare a wannan wuri ya wuce zancen wari.

Kusan ko wane kwikwiyo da tsutsar ciki a ke haihuwarshi, don tun yana cikin uwar ta ke shiga jikinshi, wata kuma ta bi ta nono. Ƙwan wannan tsutsa yana fita cikin kashi, dubu bisa dubu, ido ba ya ganinshi. Ran da ya fito bai iya kama kowa. Sai ya yi sati 2 zuwa 4 cikin ƙasa sa'an nan ya nuna, kuma in ya nuna yana iya shekara da shekaru yana jira. Yaro mai rarrafe ya sa hannu ƙasa ya kai baki, ya haɗiye. Tsutsar ta ƙyanƙyashe cikin yaron, ta yi ta yawo a hanta da huhu, wani lokaci har ta kai ido ta lalata gani. Akwai wata kuma da ke zama cikin damshin rairayi, kamar gindin randa ko bakin rijiya. Ita ta fatar ƙafa ta ke shiga, sai a ga wani jan zare yana tafiya ƙarƙashin fata yana ƙaiƙayi, yaro ya kasa barci.

Makiyaya, ga taku. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗa ya san waɗannan ƴan jikkunan ruwa da a kan iske cikin hanta ko huhun tunkiya, akuya, saniya ko raƙumi. Mahauci ya kan yanke wurin ya jefa ma kare. To, a nan a ke shuka cutar. Cikin hanjin kare abin da ke cikin jikkar ya kan zama wata ƴar tsutsa da tsawonta bai kai ƙwayar shinkafa ba. Bayan kamar sati 6 sai ta fara zuba ƙwai, kare ya yi kashi kusa da harawa ko wurin shan ruwa, tumaki su ci, sababbin jikkuna su fito. Mutum ma yana kamuwa, amma ba ta cin naman ba, ta hannun da ya taɓa kare ko ƙasar da ya ɓata, ko ta salati da tumatir da ba a wanke ba. Jikkar ta kan yi shekaru tana girma cikin hantar mutum bai sani ba, kuma sau da yawa sai likita ya yi aiki da wuƙa a ke fidda ta. Haka nan tunkiyar da ku ke gani tana kewaya wuri guda, ta karkata kai, har ta faɗi: sau da yawa jikka ce irin ta tsutsar kare cikin ƙwaƙwalwarta. In an yanka ta aka ba kare kan, an sake shuka.

Ke nan wanda ya hori karenshi ya riƙa kashi wuri guda, kuma a ke kwashewa ko wace rana, ya kare ɗiyanshi da garkenshi. Wanda ya kore shi waje bai rabu da komi ba, don karen zai je ya ci ƙazantar mahauta, da dare ya tsallako danga ya ajiye mashi ita a gida.

Yanzu yaya a ke horon? Sai a fara sanin jikin dabbar. Kwikwiyo ɗan wata 2 ba ya iya riƙe fitsari fiye da kamar awa 2, ɗan wata 3 kamar awa 3. Sai ya kai wata 4 zuwa 6 ya ke iya riƙewa sosai. Ashe wanda ya doki ɗan wata 2 don fitsari, kamar wanda ya doki jinjiri ne don ya jiƙa goyo. Kuma lokacin da ya ke bukatar fita sananne ne: in ya tashi barci, in ya gama cin abinci ko shan ruwa, in ya gaji da wasa. Kafin ya tsuguna ya kan sa hanci ƙasa yana shinshina, yana kewayawa. Wanda ya ga haka ya ɗauke shi nan da nan.

A zaɓi wuri guda, can wata kusurwa gindin danga inda rana ke bugawa, nesa da rijiya da murhu da turken dabbobi. Kada a canza shi. A ɗebo ƴar ƙasar da ya riga ya yi ma fitsari a zuba can, don kare hancinshi ya ke bi, inda ya ji warin nashi nan ya ke komawa. Ba sai da agogo ba, muna da namu na ƙauye: asuba, hantsi, azahar, la'asar, magariba, da bayan lisha kafin a kwanta. Ƙarami ƙwarai a ƙara mashi a tsakani. Abinci ma a sa mashi lokaci, sau 3 a yini, abin da ya rage a ɗauke. Karen da ke tsintar ƙanzo da ɓarɓashin tuwo yini zur, ba wanda zai san lokacin kashinshi. Af, na tuna: kada a ba shi sauran miya mai albasa ko tafarnuwa da yawa, suna ɓata jinin kare. Mutanen Galmi da Madawa sai a kula.

In an kai shi wurin, a tsaya a jira, a riƙa faɗin kalma guda, ko wace ce, amma kullum ita. Da ya gama, nan take, tun bai ɗaga ƙafa ya bar wurin ba, a yaba mashi da murya mai daɗi, a ba shi ƴar loma. Wannan "nan take" shi ne gishirin aikin duka. Sama da shekara 100 da suka wuce wani masani ɗan ƙasar Rasha, sunanshi Pablof, ya nuna cewa in ana yi ma kare wata ƙara kullum dab da ba shi abinci, har ya kan kai in ya ji ƙarar kaɗai miyau ya zubo mashi. Watau kare yana haɗa abu biyu in sun zo a jere, ɗaya na bin ɗaya. In an bari sai an komo zaure a ba shi lomar, shi a wurinshi ladan zuwa zaure ne.

Da wannan za ku gane abin da ya sa duka ba ya aiki. Kwikwiyo ya yi kashi da hantsi, maigida ya komo daga gona da azahar ya gani, ya jawo shi, ya goga mashi hanci a ciki, ya zabga mashi sanda. Me ya koya? Ya koyi cewa komowar maigida masifa ce. In kuma an kama shi yana cikin yi aka doke shi, sai ya koyi cewa kashi gaban mutum hatsari ne, ya riƙa ɓuya bayan rumbu ko ƙarƙashin gado ya yi. Ka kai shi wurin da ka zaɓa ya ƙi yi don kana tsaye, ka ce ka gani, taurin kai. Wani ma don tsoro da ya ga an nufo shi sai fitsari ya zubo mashi. Kuma ku tuna don gadi aka kawo shi. Karen da aka cika da tsoro ko ya zama rago mai shigewa ƙarƙashin amalanke, ko ya zama mai cizon yaran gida. In kun kama shi yana yi inda bai kamata ba, tafi guda da hannu ya isa, a ɗauke shi a kai shi wurinshi, in ya ƙarasa can a yaba mashi.

Wurin da ya ɓata, a sa hauya a kwashe har da ƙasar, a zuba sabuwa, a barbaɗa toka don wari. Ruwan jabel ba ya kashe ƙwan waɗannan tsutsotsi, kwashewa ita ce magani. A zuba cikin masai, ko a gina rami mai zurfin kamu guda a binne. Abu guda da na ke roƙonku, ni da kullum ke cewa ku tara taki: kashin kare ba ya shiga ramin taki, ba ya zuwa garka. A wanke hannu da sabuni bayan aikin, da bayan taɓa karen.

Da dare a ajiye shi cikin wani ɗan ƙaramin wuri kusa da zaure, kamar tsohon akurki, ko a ɗaure shi da gajeriyar igiya bisa buhu. Kare ba ya son ɓata makwancinshi, zai yi ƙoƙari ya riƙe, in ya matsu ya yi kuka. Kukan nan kira ne, a tashi a fidda shi. Amma kada wani ya mai da wannan dalilin ɗaure dabba yini guda cikin rana ba ruwa, balle a zafin watan 4 da na 5. Wanda ya ɗauko dabba ya ɗauko hakkinta.

Wa zai yi wannan aiki? Wanda ya kawo karen, ko wani yaro mai hankali ɗan shekara 12 ko fiye da ya wakilta. Mutum guda, murya guda. Ban yarda maigida ya kawo kwikwiyo daga kasuwa ya bar ma mata kwasar kashi ba, bisa daka da ɗiban ruwa da neman icce. In an bi haka ba fashi, cikin ƴan makwanni za a ga canji, ko da ya ke zai riƙa kuskure jefi-jefi har ya yi ƙwari.

Akwai waɗanda su kan fi wuya, ban musa ba. Wanda aka raba da uwa tun bai kai sati 8 ba, da wanda ya riga ya girma yana yawon juji. Su ma hanyar ita ce, sai dai ta fi tsawo. Wanda kuma ke zawo, ko cikinshi ya kumbura gashi ya tashi, ko yana fitsari kaɗan-kaɗan ba tsayawa, wannan ba horo ya ke bukata ba, a kai shi wurin malamin dabbobi. Maganin tsutsa ana fara ba kwikwiyo tun yana sati 2, a maimaita ko wane sati 2 har a yaye shi, sa'an nan wata-wata har wata 6. Tsutsar mai kawo jikkunan ruwa tana da nata magani daban, irin wanda a ke ba ƴan lakkwal don tsargiya, amma malamin dabbobi ne zai auna gwargwadon nauyin karen. Ran layya da ran suna, hanta ko huhu mai jikka a ƙone ko a binne da zurfi.

In ya kai wata 3 a yi mashi allurar riga-kafin haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda mu ke kira OMS, ta ƙiyasta ciwon nan yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma 4 cikin 10 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. In an yi ma karnuka 7 cikin 10 na gari allura, ciwon ya kan yanke. An gwada a Njamena ta ƙasar Cadi a 2012 da 2013, ya ɗauke daga karnukan birnin na tsawon watanni, sai da ya sake shigowa daga waje. To, ran da masu allura suka zo gari, wane kare ne a ke iya kamawa? Wanda ya san muryar maigidanshi, ya saba da hannu da igiya. Wanda aka kora da sanda ko mutum goma ba su tare shi.

In kuwa kare ya ciji wani, ko na gida ne, ko ƙaramin ƙwarzane ne, a wanke wurin da ruwa da sabuni minti 15, a tafi likita a ranar, kada a jira a ga alama. Karen kuma a ɗaure shi wuri guda kwana 10 ana dubawa, a shaida ma malamin dabbobi.

Malamin gona