Minti guda domin ran bakwaini

A ƙasar da aka saba jiran tallafin waje, ga maganin da ba ya cin ko dala. Tun 2012 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ba da shawara kada a ɗaure cibiyar jariri, har da bakwaini, kafin minti 1 ya cika, sai fa in ana gaggawar farfaɗo da shi. Cikin wannan ɗan jira ne jinin mabiyiya ke shiga jikinsa. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2023 ya nuna jinkirin na rage mutuwar bakwaini da kusan kashi 1 cikin 3. Ya kamata ministan lafiya ya tabbatar kowace ungozoma, daga Yamai har Damagaram, tana aiki da wannan ƙa'ida.