Kayan Gadonmu Ba Za Su Tsira Ba Sai da Hannun Manomi

'Yan'uwa manoma, akwai wata magana da ya kamata kowace ƙungiyar gama kai ta sa cikin taronta na bana, watau maganar tsofaffin wuraren da kakanninmu suka bar mana: ganuwa, tsohon gini, gonakin kan dutse, kurmi, tafki da rijiya. Ruwan sama da zafin zamanin nan suna cin waɗannan wurare. Ra'ayina shi ne, ba Gwamnati ko baƙi daga Turai ne za su cece su ba. In za su tsira, da hannun manomi za su tsira, gama da hannun manomi aka yi su tun farko.

Bari mu ɗauki misalin Sukur. Sukur tana bisa duwatsun Mandara, cikin Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, kusa da iyakar Kamaru. A shekarar 1999 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin jerin wuraren gado na duniya, ita ce kuwa ta fari da aka sa daga Nijeriya. Me aka gani a can? An ga gidan sarkinsu, wanda suke kira Hidi, da aka gina da duwatsu. An ga hanyoyin da aka shimfiɗe da duwatsu tun daga gindin tudu har bisa. An ga rumbuna, da ramukan da ake kiwon bijimai a ciki, da kufan wuraren da suke narka tama a dā suna sayar wa maƙwabta ƙarfe. An kuma ga gonaki hawa-hawa a jikin dutse, kowane hawa da katangarsa ta duwatsu. Ku duba da kyau, kusan dukan abin da duniya ta yaba aikin noma ne da kiwo.

Katangar nan ba ado ba ce. Sa'ad da ruwa ya sauka a kan tudu, yakan gangara da gudu ya kwashe ƙasa mai kyau. Katanga tana tare shi, ta rage masa ƙarfi, ya tsaya ya nutse, ƙasa da taki kuma su zauna inda suke. Da wannan dabara mutanen duwatsun Mandara suka ci dawa da wake ɗaruruwan shekaru a wurin da baƙo zai ce ko akuya ba za ta ƙoshi ba. Amma katangar dutse wadda ba siminti tana bukatar gyara kowace shekara. In dutse ɗaya ya zame ba a mayar ba, ruwa ya sami ƙofa. Baɗi ƙofar ta zama rami, rami ya zama kwazazzabo, ya tafi da hawan da ke ƙasa da shi.

To, me ya sāke? Masana sun tabbatar duniya ta ƙara zafi fiye da digiri 1 tun ƙarshen ƙarni na 19, saboda hayaƙin gawayin ƙasa, man fetur da iskar gas, da kuma sare dazuzzuka. Shekarar 2024 ta fi dukan waɗanda suka riga ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi. Iska mai zafi ta fi shan tururin ruwa, kusan kashi 7 cikin 100 ga kowane digiri ɗaya, don haka ran da ta sake shi sai ya sauko da yawa gaba ɗaya. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna manyan hadura masu ƙarfi a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Ga kuma tsayawar ruwa a tsakiyar damina, wadda ke ƙone shuka ta bar ƙasa tsirara. A 2021 aka yi taro a Yola tsakanin masana da mutanen Sukur domin a auna hatsarin da ke gaban wurin. Abubuwa uku suka sa gaba: fari, ƙaruwar zafi, da hadari mai ƙarfi. Kowane manomi da ke karanta wannan takarda ya san ukun nan a gonarsa.

Ba Sukur kaɗai ba ce. A watan Satumba na 2024 tsohon masallacin Damagaram, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa. A daminar nan ruwa ya yi ɓarna a tsohon garin Agadas, wanda aka sa cikin jerin gado na duniya a 2013, garin da aka gina domin ƙasar da ruwa ba ya yawa. Cikin watan nan kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Maiduguri, ya kai fadar Shehu, ya hallaka namun daji da yawa a gidan ajiyarsu. Dattawanmu suna tune da farin 1973 da na 1984. Tafkin Chadi, wanda ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya janye ƙwarai a waɗancan shekaru, ko da yake ya ɗan farfaɗo daga baya. Jiya fari, yau ambaliya, gini da gona kuwa duka biyu suna shan wahalarsu.

Amma kada mu ɗora wa sama dukan laifi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ganuwar Kano, wadda aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu wajen shekara 900 da suka wuce, ba ruwa kaɗai ya ci ta ba. Mutane sun haƙa ƙasarta sun yi tubali, sun gina gidaje a jikinta, sun cike kududdufan da ke shanye ruwan gari. Inda aka daina yaɓe, inda indararo ya toshe ba mai duba shi, inda samari suka tafi birni aka bar tsofaffi da gyaran katanga, nan ruwan zamanin nan ke samun nasara. Ba mu da iko a kan hayaƙin manyan ƙasashe, ko da yake daidai ne shugabanninmu su nemi hakkinmu a wurinsu. Amma muna da iko a kan toshiyar indararo da dutsen da ya zame.

Na san abin da waɗansu za su ce. Na fari zai ce, mutumin da rumbunsa bai cika ba ina ruwansa da tsohon dutse? Amsa ita ce, tsohon dutsen nan shi ke riƙe da ƙasar da za ta cika rumbu. Kurmin bayan gari shi ke ciyar da idon ruwan da mata ke ɗiba da rani. Tsohuwar rijiya da aka bari ta cike, ita za a nema ran da injin famfo ya lalace. Gyaran waɗannan abubuwa noma ne, ba wani aiki dabam ba.

Na biyu zai ce, ai waɗansu wuraren na tsafi ne, bai kamata mai bi ya kula da su ba. Wannan magana tana da nauyi a ikilisiyoyinmu, ba kuwa zan raina ta ba. Ba wanda ya ce ka je ka yi yanka a gindin itace. Amma itacen ba shi da laifi, ba kuwa matsafa suka halicce shi ba. A garuruwa da yawa, kurmin da aka ji tsoron sara shi ne kaɗai wurin da manyan itatuwa suka rage, da magungunan gargajiya, da zuma, da inuwa. In muka sa gatari domin mu nuna ba mu jin tsoro, rafin ya ƙafe, to, Kirista da Musulmi da mai bin al'ada duka za su sha ƙishi ɗaya. Tsoro ya tsare kurmin a dā. Yanzu sai hankali ya tsare shi.

Na uku zai ce, aikin Gwamnati ne, tun da an kafa allo an rubuta suna. Gaskiya Gwamnati tana da nata rabo, musamman tsaro da hanya da kuɗin manyan gyare-gyare. Ma'aikaci yakan zo ya duba ya rubuta rahoto ya koma, amma allo ba ya mayar da dutse. A ƙarshen 2014 'yan Boko Haram suka hau Sukur suka ƙone gidaje, har da sashen gidan Hidi. Da mutane ba su komo sun sāke jinka da gini ba, da yau sai kufai. Ku dubi kuma garin Jenne na ƙasar Mali. Babban masallacinsu na ƙasa, wanda aka gina a 1907, yana tsaye ne domin kowace shekara dukan gari yakan fito rana ɗaya, maza da mata da yara, a kwaɓa ƙasa a yi masa sabon yaɓe. Wannan ita ce gayyar da muka sani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu zai ce, a shafe kome da siminti a huta. Maginan gargajiya sun san abin da ke faruwa. Siminti a jikin bangon ƙasa yakan kulle danshi a ciki, bangon ya ruɓe a ɓoye, wata rana sai ɓawon simintin ya faɗo da rabin bango. Ba ina cewa kada mutum ya rufa ɗakinsa da kwano in ya sami hali ba. Ina cewa tsohon gini yana da nasa magani: yaɓe a kan kari, makuba daga kwasfar ɗorawa, azara daga giginya. Wanda ya sare ɗorawa da giginya ya rushe soron da bai ko taɓa ba.

Akwai shaida kuwa cewa manomi yana iya juya al'amari. A 1983, a ƙasar Maraɗi, wani ma'aikacin mishan mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace bazara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka fara barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture suna yanke sauran. An kiyasta cewa ta wannan hanya da irinta itatuwa wajen miliyan 200 suka komo a gonaki hekta miliyan 5 a Nijar. Ba a kashe kuɗin kirki ba, wuƙa ce da haƙuri.

Ga shawarata ga kowace ƙungiya:

1. Ku zauna da dattawa, maza da mata, ku rubuta dukan tsofaffin wuraren garinku da halin da kowanne ke ciki. Ku rubuta sunayen waɗanda suka iya gyaransu tun suna da rai.

2. Ku sa ranakun gayya biyu a shekara, ɗaya bayan kaka domin a ga ɓarnar da damina ta yi, ɗaya da bazara domin a gyara kafin ruwan fari. A mayar da duwatsu, a yi yaɓe, a buɗe indararo da magudanai, a yashe rijiya. A fara tare ruwa daga bisa tudu, gama wanda ya fara daga ƙasa ruwa zai kwashe aikinsa.

3. Ku sayi ma'aunin ruwan sama ɗaya, ku ba magatakarda ya riƙa rubuta ranar da aka yi ruwa da yawansa. Bayan shekara biyar littafin nan zai gaya muku lokacin shuka, zai kuma zama shaidarku a gaban hukuma.

4. Ku yi doka a kan ɗorawa, giginya, gawo, kaɗanya da tsamiya. Ku share hanyar wuta kewaye da kurmi kafin hunturu. Wanda ya sare ɗaya ya rena biyar.

5. Ku ware ɗan kuɗi daga asusu domin samari biyu ko uku su bi tsohon magini ko mai jera duwatsu su koya. In ba a biya su ba, birni zai ɗauke su, ba kuwa za mu ga laifinsu ba.

6. Ku ajiye tsofaffin irin gero, dawa, acca da wake, musamman masu saurin nuna. Su ma gado ne, ranar fari kuwa za a neme su.

7. Kada ku yi aikin nan ku kaɗai. Ku je wurin mai gari, ku gayyaci liman da jama'arsa da masu bin al'ada. In wurin yana cikin waɗanda Gwamnati ta yi wa rajista, ku sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa kafin ku taɓa shi, domin gyaran da ba a yi da sani ba yakan zama ɓarna.

Ba ɗaya daga cikin abubuwan nan bakwai da ke jiran mota daga Abuja ko takarda daga Faransa. Rigakafi ya fi magani, dutse ɗaya da aka mayar da bazara ya fi ɗari da za a nema a cikin rafi da kaka. Shugabannin ƙungiyoyi, ku kawo maganar nan a taro mai zuwa, ku sa rana. Waɗanda suka yi gayyarsu su aiko mana da labari, su faɗi abin da ya yi kyau da abin da ya gagara, domin sauran garuruwa su ƙaru.