Sarkin Yawa da Hukuncin Kuɗin Goro

Wannan makon ni aka miƙa wa alƙalami, kuma abin da zan taɓo ba mai daɗin ji ba ne, musamman gare mu 'yan arewacin Zamfara da kusan kowannenmu ya binne wani nasa. Ina roƙon a karanta har ƙarshe kafin a yi mini raddi.

Kwanakin baya na shiga motar haya daga Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi. Wanda ya san hanyar ya san ba a cika hira ba, kowa idonsa na kan daji, bakinsa na motsi da addu'a. Sai wani dattijo da ke gidan gaba ya fara ba da labarin yadda aka ɗauke ɗansa a gona, ya sayar da gonar da shanun huɗa biyu ya biya kuɗin fansa, amma gawa aka nuna masa. Da ya gama sai ya ce, "Wallahi da za a ba ni iko, duk rugar da ke tsakanin nan da Zurmi sai na tashe ta, da mai laifi da marar laifi. Su nawa ne? Mu nawa ne? In an rasa ɗari aka tsirar da dubu ɗari, ai an ci riba." Babu wanda ya musa masa. Ni ma ban musa ba, abin da kawai na iya cewa shi ne, "Allah Ya jiƙansa, Baba, Allah Ya ba ka haƙuri." A bayana kuwa, jikin ƙofa, akwai wani saurayi Bafulatani da ya kafa wa taga ido, bai ce uffan ba.

Tun ranar maganar dattijon nan take yi mini yawo a kai, domin ba maganar mahaukaci ba ce. Lissafi ne, kuma lissafin yana da tarihi. Wani masanin falsafa ɗan Ingila, Jeremy Bentham, wanda ya rasu a 1832, shi ya shahara da ra'ayin cewa ma'aunin kyawun kowane aiki shi ne yawan amfanin da ya jawo da yawan mutanen da suka amfana. A tara daɗi wuri guda, a tara wahala wuri guda, wanda ya rinjaya shi ne hukunci. Mu ma muna da namu a taƙaice: sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Kuma kada mu raina wannan tunani. Idan kuɗin rijiyar burtsatse ɗaya ke hannun shugaban ƙaramar hukuma, a ƙauye mai mutum dubu biyu ya kamata ya haƙa ta, ba a ƙofar gidan surukinsa ba. Da shugabanninmu za su riƙa yin ko da wannan lissafin tsakani da Allah, da mun rage kuka.

Sai dai Bentham ya kafa sharaɗi: a cikin lissafin kowane mutum ɗaya ne, ba mai zama biyu, ba mai zama sifiri. A nan ne namu lissafin ya daɗe da karkacewa, domin mai riƙe da alƙalamin ƙidaya shi ke zaɓen wanda zai ƙirga.

Mu koma baya kaɗan. Dajin nan da ke gabas da Zurmi, wanda ƙauyuka irin su Dumburum da Shamushalle ke cikinsa, tun zamanin Turawa aka keɓe shi. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo. Akwai burtali, akwai mashaya, kuma manomi ya san inda garmarsa za ta tsaya. Da jama'a ta ƙaru, ƙasa ta gaji, musamman bayan an ƙirƙiro jihar a 1996 aka kuma dawo mulkin siyasa a 1999, sai aka shiga yanka daji da burtali ana mayar da su gonaki. Hujjar ba ta da wuyar fahimta. Manoma sun fi yawa, abinci ake nema, kuma manomi yana nan zaune ranar zaɓe, makiyayi kuwa wataƙila yana can ya tafi mashekari da dabbobinsa. Aka auna, aka ga amfanin masu yawa ya rinjaya. (Ban ma shiga zancen cewa manyan filayen ba talakan manomi ya same su ba, masu hannu da shuni da 'yan siyasa ne. Sau da yawa "jama'a" riga ce da mutum biyar ke sawa su shiga kasuwa.)

Abin da ba a rubuta a shafin asara ba shi ne mutumin da ya dawo da garkensa ya tarar hanyar da kakansa ya bi ta zama gonar gero. Shanu ba sa tashi sama. Dole su taka, in sun taka a kama shi, a kai shi gaban mai gari ko ɗan sanda ko alƙali, a yanka masa tarar da sai ya sayar da sa biyu zai biya ɓarnar da ba ta kai dami goma ba. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san wannan, har raha ake yi da shi, ana cewa Bafulatani ya shigo hannu yau akwai cin nama. Masu bincike irin su Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya gabatar da lacca a 2021 kan shekaru goma da ya yi yana bibiyar wannan fitina, sun nuna yadda irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe suka zama itacen da wutar ta kama.

A nan na san wani zai ce ga shi nan, ya fara wanke 'yan bindiga. A'a. Wanda ya ƙone rumbu, ya yi wa matar aure fyaɗe, ya harbe mutane a masallaci, azzalumi ne, kuma burtalin da aka cinye wa ubansa ba zai tsaya masa ba gobe kiyama. Makiyaya dubbai an yi musu irin wannan cutar ba su ɗauki bindiga ba. Su nake magana a kai. Su ne farkon waɗanda ɓarayin shanu suka talauta, tun wajajen 2011 da abin ya fara ƙamari, kafin a kai ga satar mutane. Da gari ya tashi kare kansa aka kafa 'yan sa-kai, su ɗin dai aka fi samu a hannu, domin ɓarawon yana daji da bindiga, mai gaskiyar ne ke shigowa kara da akuyarsa ranar kasuwa. An kashe mutane a kasuwanni a gaban jama'a ba tare da alƙali ko shaida ba, hujjar kawai kamanninsu da harshensu. Hukuncin kuɗin goro ke nan. Kuma mu da muke tsaye muna kallo, abin da muka faɗa wa zukatanmu shi ne abin da dattijon mota ya faɗa da baki.

Abin mamaki, garin da na fito sunan Bafulatani yake ɗauke da shi. Namoda daga Alibawa yake, cikin jaruman jihadi da suka yi yaƙin Alƙalawa, kuma gidan sarautar Zurmi ma na Alibawa ne. Wato ba jini ake tuhuma ba, don jinin ya gauraya tun tuni. Wanda ake tuhuma shi ne wanda ba shi da kowa a majalisa, ba shi da ɗa a ofis, ba ya rubutu a Facebook.

A Satumbar 2021 mun ga irin wannan lissafi da hatimin gwamnati. Gwamna Bello Matawalle ya nemi a katse layukan waya a faɗin jihar, aka katse. Aka rufe kasuwannin mako, aka hana safarar dabbobi, aka hana sayar da fetur a jarka. Manufar a toshe wa 'yan bindiga abinci da mai da masu kai musu rahoto, kuma gaskiya da farko sun ji jiki. Na goyi bayan matakin a lokacin, ba zan ɓoye ba. Amma a tambayi wa ya biya kuɗin. Mai hali ya hau mota ya tafi Funtuwa ko Sakkwato ya yi wayarsa ya dawo. Gusau aka fara mayar wa da layi, ƙauyuka suka ci gaba da zama a duhu. Kasuwar Shinkafi, wadda har daga Nijar ake zuwa cinta, ta mutu murus, da dillali da mai ɗaukar kaya da mai tuwo-tuwo duk suka zauna. Makiyayin da ba shi da gona, wanda sai ya sayar da tunkiya yake auna gero, aka rufe masa ƙofa ɗaya tilo da yake da ita. Ƙauyen da aka kawo wa hari da dare kuma ba shi da hanyar kiran agaji. An ce kowa ya yi haƙuri don amfanin kowa, amma haƙurin bai rabu daidai ba. Waɗanda suka yanke shawarar su suka fi kowa samun sauƙinta.

Ga inda nake so dattijon mota ya tsaya ya duba da kyau: wuƙar nan ba ta san mai ita ba. A 2019 gwamnati ta yi sulhu da 'yan bindiga. Mene ne hujjar? Ita ce dai: a yafe wa mutum ɗari don dubu ɗari su yi noma lafiya. A wannan lissafin wa ya zama tsiraru? Matar da aka kashe wa miji, wadda za ta ga wanda ya kashe shi yana shan shayi a bakin kasuwa. Uban da ya sayar da gona aka nuna masa gawa. Shi kansa dattijon, ke nan. Ranar aka ce masa ya haɗiye haƙƙinsa don amfanin masu yawa, kuma na tabbata bai ga adalci a ciki ba. Haka ƙauyen da ke bakin daji a Zurmi, wanda yau sai ya tara harajin noma ya kai wa mai bindiga kafin ya girbe abin da ya shuka: idan aka zauna a babban birni ana lissafin inda za a tura sojojin da ba su isa ba, shi ne ɗarin da ake haƙura da shi.

John Stuart Mill, wanda ya gaji tunanin Bentham, ya hango wannan haɗari, shi ya sa a 1859 ya yi gargaɗi kan zaluncin masu rinjaye. Amma ba sai mun je Ingila ba. Malamanmu sun tattauna maslaha ƙarnoni kafin a haifi Bentham. Imam Gazali, a littafinsa na usulu Al-Mustasfa, ya kawo misalin jirgin ruwa da ya yi nauyi, wanda in an jefa mutum ɗaya a ruwa sauran za su tsira. Ya ce bai halatta ba. Bai yarda a taɓa jinin marar laifi da sunan maslaha ba sai a wani matsanancin hali mai sharuɗɗa uku: larura ce ta gaske, akwai yaƙini ba zato ba, kuma abin ya shafi al'umma gaba ɗayanta. A ɗora tashin rugage a kan wannan ma'auni a gani. Ina yaƙinin? Mun gwada fiye da shekara goma, kowace ruga da aka ƙone sai ta haifar wa daji sababbin mayaƙa. Yaron da ya ga an yanka ubansa a kasuwa, ba ya iya shiga gari, ba shi da saniya ko ɗaya, wa ke jiransa da hannu biyu in ba su Bello Turji ba?

To amma ba na so in tsaya a kan cewa abin ba ya aiki, domin wannan ma lissafin riba ne. A ɗauka yana aiki. A ɗauka in an tashi rugar mutum ɗari marasa laifi gobe za a kwana da ƙofa buɗe daga Ƙaura har Shinkafi. Ni dai na ce bai halatta ba, don ran ba namu ba ne balle mu biya bashi da shi. Jihar da ta fara shelar shari'a a 1999 bai kamata a tuna mata cewa laifin wani ba ya hawa kan wani ba.

Mu marubuta muna da hannu a wannan ƙidaya fiye da yadda muke zato. A duba labaranmu da finafinanmu. Shekara da shekaru Bafulatanin daji abin dariya ne, ya shigo birni ya ga fanka ya ruga. Yanzu kuma ya koma mai rawani da bindiga, ba shi da suna, ba shi da uwa. Tsakanin wawan da mugun ba mu rubuta mutum ba. Ina labarin mai tallar nono da ta yi shekara ashirin tana shiga gidajenmu, ta san sunan kowane yaro, rana ɗaya ta daina zuwa ba wanda ya tambaya? Ina labarin ɗan sa-kai da ya shiga don an kashe ƙanensa, yau kuma barci ya gagare shi saboda wata fuska da ya gani a kasuwa? Wanda ba a taɓa ba shi suna a labari ba, ba wuya a mayar da shi sifiri a lissafi. Ni kaina na duba gajerun labaraina guda bakwai da suka shafi wannan fitina, ban sami makiyayi ko ɗaya da na bari ya yi magana da bakinsa ba.

Kafin mu kai Shinkafi saurayin nan ya ce a sauke shi a wata mararraba. Ya biya kuɗinsa, ya zagayo ta tagar gaba ya ɗan rusuna ya ce, "Baba, Allah Ya jiƙan ɗanka, Allah Ya mayar maka da alheri." Dattijon ya dube shi, ya kau da kai, can ƙasa-ƙasa ya ce amin. Da muka tashi direba ya ce ya san yaron. Shekara biyu da suka wuce 'yan bindiga suka kore shanun gidansu kaf, suka harbe yayansa da ya bi sawu, yanzu leburanci yake yi a Ƙaura yana kawo wa tsohuwarsa gero. Ya ce yana sauka a nan ne ya bi ta bayan gari, don ba ya son wucewa ta shingen 'yan sa-kai.