Lambun Gida: Haƙurin Wata Uku Kafin Dashen Gwaiba

Hausawa kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma gwaiba ba ta san wannan karin magana ba. Mutum kan sha mai zaƙi da jan ciki, ya shuka ƙwayarta a bayan ɗaki, ya yi shekara uku ko huɗu yana ban ruwa yana korar awaki, ran da ta yi 'ya'ya sai ya tarar da 'yan mitsi-mitsi masu tsami. Dalili kuwa shi ne ƙudan zuma kan ɗauko garin fure daga wata bishiya ya kai wa wata, saboda haka abin da ke cikin ƙwaya gauraye ne. Wanda ke son irin uwar sak, to reshenta zai nema.

Turawan Ingila sun daɗe da sanin haka. Suna da wani ɗan itace mai ƙaya da suke kira guzberi, wanda suke yankan reshensa su kafa a ƙasa da kaka, ko su kwantar da shi su binne har ya yi saiwa. Shi guzberi sai da sanyi mai tsanani yake albarka, don haka ba na ƙasarmu ba ne. Amma dabarar ta dace da gwaiba, wadda asalinta daga Amurka ta Tsakiya ne, ga ta kuma da bitamin C kusan ninki huɗu na lemon zaƙi.

Ga yadda ake yi. Da farkon damina a zaɓi reshe lafiyayye mai kaurin yatsa a jikin bishiyar da aka tabbatar da zaƙinta. A sa wuƙa mai kaifi a ɓare ɓawonsa zagaye, faɗin inci 1, a kankare santsin da ke ƙarƙashi don kada ya sake haɗewa. A cika tafi da jiƙaƙƙiyar ƙasa mai taki, a lulluɓe wurin, a naɗe da leda a ɗaure sama da ƙasa. Abincin da ganye ke sarrafawa ta cikin ɓawo yake gangarowa. Idan ya iske hanya a yanke sai ya taru a bakin miki, nan saiwa ke fitowa. Cikin wata biyu zuwa uku za a hango ta ta jikin ledar. Sa'an nan a yanke reshen daga ƙasan ɗaurin, a rage masa ganye, a sa a tukunya a inuwa ya yi 'yan makonni. In akwai reshen da ya sunkuyo kusa da ƙasa, ana iya yi masa wannan miki a kwantar da tsakiyarsa a binne, a danne da dutse. Icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wajen dashe ne aka fi tafka hasara, musamman a wuri kamar Awe ta Jihar Nasarawa. Kowa ya san gishirin Awe da na maƙwabciyarta Keana, wanda mata ke tacewa su dafa da rani tun kaka da kakanni. Amma abin da ya zama arziki a kasuwa, a lambu illa ne. Gishiri kan janye ruwa daga saiwa, sai ka ga bakin ganye ya ƙone alhali kullum ana ban ruwa. Saboda haka mai lambu ya ɗanɗana ruwan rijiyarsa tukuna. In zartsi ne, ya tanadi ruwan sama a randa, ya kuma guji kwarin da ƙasarsa ke yin fari da rani. Lemo ya fi gwaiba rauni wajen gishiri, mai son dasa shi ya ƙara kula.

A haƙa rami ƙafa 2 faɗi, ƙafa 2 zurfi, a gauraya ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, domin ɗanyen taki ƙuna yake yi, yana kuma kiran gara. A bar tazarar ƙafa 20 tsakanin bishiyoyi, a nisanci katanga. A yi dashen da yamma, tare da ƙasar da ke jikin saiwar, kada a binne shi fiye da zurfin da yake a tukunya. A Awe da Lafiya damina na kankama tun watan Mayu, don haka wanda ya yi ɗauri a lokacin zai yi dashe a watan Agusta, da sauran ruwa a gaba. Mutanen Kano da Katsina, da daminarsu gajeriya ce, gara su bar shi a tukunya har wata daminar, ko su ɗaura niyyar ban ruwa. A ƙarshe a kewaye shi da ƙaya, gama akuya kan share aikin wata uku cikin minti uku.

Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malaman gona na ƙaramar hukumarsa, ko Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa da aka kafa a Ibadan a 1975, mai reshe a Bagauda ta Jihar Kano. Mai bishiyar kirki kuwa kada ya hana maƙwabci reshe, don ran da tasa ta faɗi, a gidan maƙwabcin zai samo irinta.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa.