Ayoyin Haɗuwar Tekuna Biyu Ba Su Buƙatar Tokarar Ƙarya

Duk wanda yake zama a majalisun matasa a Dutse, ko yake ɗan tsayawa a bakin masallaci bayan an idar da Juma'a, da wuya a ce bai ci karo da bidiyon nan da ake turawa daga waya zuwa waya ba: teku ce ta rabu gida biyu, gefe guda baƙi-baƙi, gefe guda fari-fari, ga layi a tsakani kamar an ja da alli. Sai a rubuta a ƙasa wai nan ne Atlantika da Fasifik suka haɗu amma suka ƙi gauraya. Sau da yawa akan haɗa da labarin Bafaranshen nan mai binciken ƙarƙashin teku, Jacques Cousteau, wai da ya ga irin wannan shamaki, aka nuna masa ayar Alƙur'ani, nan take ya musulunta.

Babu shakka niyyar masu turawa mai kyau ce. To amma dukkan labaran biyu ba haka suke ba.

Hotunan da suka fi yawo an ɗauke su ne a gaɓar Alaska ta Amurka, kuma wurin gaba ɗayansa cikin tekun Fasifik yake, ba shi da haɗi da Atlantika. Abin da ake gani ruwan ƙanƙara ne da ya narke, koguna suka kwaso shi tare da laka suka zuba a teku, kuma daga baya yana gauraya. Manomin da ke bakin Kogin Haɗeja ta wajen Ringim ya san irin wannan, domin da damina jan ruwan rafi yakan shiga kogi ya yi tafiya da launinsa daban kafin ya saje. Shi kuwa Cousteau, tun a 1991 cibiyarsa ta fitar da takarda tana musanta cewa ya musulunta, sannan da ya mutu a 1997 a majami'ar Notre-Dame ta Faris aka yi masa addu'ar jana'iza. Shekaru sama da talatin ke nan da ƙaryata zancen, amma har yanzu ana jin sa a wuraren wa'azi.

Haɗarin a fili yake. Ɗan uwa ya ɗauki wannan labari ya kai shi ɗakin kwanan ɗalibai a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ya kafa shi hujja a gaban wanda ba Musulmi ba, ko a gaban Musulmin da zuciyarsa take rawa. Cikin minti biyu abokin jayayya ya bincika a wayarsa ya nuna masa cewa ƙarya ce. Me ya rage? Ba labarin Cousteau kaɗai zai faɗi a idon wancan ba, har ayar da aka jingina masa zai fara yi wa kallon shakka, wal'iyazu billahi. Alhali ayar ba ta ce komai a kan Alaska ba. Allah Ta'ala ya yi umurni a cikin Suratul Hujurati da a tantance labari kafin a yi aiki da shi, kuma Imam Muslim ya ruwaito gargaɗin Manzon Allah (S) ga mai yaɗa duk abin da kunnensa ya ji. Wannan bai faɗi ba don kawai labarin yana yi wa Musulmi daɗi.

Zancen ruwa biyu ya zo a Suratul Furƙan aya ta 53, da Suratur Rahman ayoyi na 19 da 20, da Suratun Namli aya ta 61, da Suratu Faɗir aya ta 12. A Furƙan an siffanta su ƙarara, ɗaya mai daɗi ɗaya mai gishiri da ɗaci, da shamaki a tsakaninsu. Ibn Kasir a tafsirinsa ya tafi a kan cewa ruwan daɗin shi ne na koguna da idanun ruwa da rijiyoyi, shamakin kuwa busasshiyar ƙasa ce da ta raba su da teku. Wasu malaman sun fahimci shamakin da ba a gani da ido. Abin lura shi ne magabata sun yi ta tadabburin ayoyin nan ƙarni bayan ƙarni ba tare da sun jira wani Bature ya tabbatar musu ba.

Su kuwa masana ruwa, abin da suka auna ya fi labarin ƙirƙira ban mamaki. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35, saboda haka ya fi ruwan daɗi nauyi: lita ɗaya takan kai giram 1,025, ta ruwan daɗi kuwa 1,000. Wannan ɗan bambanci shi ke sa idan kogi ya isa teku sai ruwansa ya hau sama, na gishiri ya kurɗa ta ƙasa, a samu wani tsakani inda suke cuɗanya sannu a hankali. Haka abin yake a bakin Kogin Kwara a kudancin ƙasar nan, haka yake a Amazon da ke tura ruwan daɗi kilomita ɗaruruwa cikin Atlantika. A Bahrain kuwa masu ninƙaya sun daɗe suna nutsawa da salka suna ɗebo ruwan sha daga idanun da ke ɓuɓɓugowa a ƙasan teku. Shamakin yana nan, amma ba katanga ba ce. Ruwan biyu suna gauraya a inda suka haɗu, sai dai kogi bai daina zama kogi ba, teku ba ta daina zama teku ba.

Duk ɗalibin da yake so zai iya gwadawa a gida. Ya narka gishiri mai yawa a rabin kofin gilashi, sannan ya tsiyaya zoɓo marar sukari a hankali ta bayan cokali. Zai ga ja a sama, fari a ƙasa. Ya bar shi kwana biyu ko uku ya dawo ya duba yadda layin ya fara dushewa.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Jigawa da teku, shi da ke nesa da ita da ɗaruruwan kilomita? Ai ruwan saman da ke sauka a gonakin Dutse da Kiyawa da Jahun daga Atlantika iskar damina take ɗauko shi. Rana ta tayar da tururi, gishirin ya tsaya a can, ruwan daɗi ya taho nan a cikin girgije. Da gishirin yana biyo shi, da ba a ga gero ko ɗaya a kasuwar Shuwarin ba. Sannan Kogin Haɗeja ya bi ta Yobe ya nufi Tafkin Cadi, tafkin da ba shi da mafita zuwa teku, amma ruwansa na sha ne, domin gishirinsa yana tsiyayewa ta ƙarƙashin ƙasa, wani kuma ya daskare ya zama kanwa a gefensa.

Kuma ko a cikin gari guda akan sami rijiyar daɗi, ga ta zartsi ba nisa da ita. Mai haƙa burtsatse da bai san yadda ruwa yake kwance a ƙasa ba yana iya cinye kuɗin da unguwa ta yi karo-karo ta tara, ya fito musu da ruwan da ko sabulu ba ya kamawa. Mai noman rani da ke malala ruwa ba magudana yana tara gishiri a fuskar gonarsa, shekara ƙalilan ta yi fari ta daina ba da amfani. Waɗannan duk suna buƙatar wanda ya karanci ilimin ruwa da na ƙasa, kuma jami'ar da aka kafa a Dutse a 2011 tana nan a buɗe ga duk ɗan uwan da ya ci jarrabawa.

Saboda haka wannan jarida tana kira ga 'yan uwa matasa da su goge bidiyon Alaska daga wayoyinsu, su kuma daina ambaton Cousteau a wajen tattaunawa. Wanda ya riga ya tura wa wani zaure, ya koma can ya rubuta gyara da hannunsa.