Zoben da ke raba ƙwayar cuta gida biyu, da kafson da kake sha

Mai karatu, kafin ka sake miƙa wa mai tallan magani kuɗi ya ɓallo maka kafso biyu na Ampiclox, ya kamata ka san inda maganin nan yake kai hari.

Bakteriya ba ta haihuwa, rabuwa take yi gida biyu. Wadda ake kira E. coli, idan ta samu abinci da ɗumi, takan rabu kusan kowane minti 20, har ƙwaya guda ta haura miliyan biyu cikin awa bakwai. Jagoran wannan aiki wani furotin ne mai suna FtsZ. A shekarar 1991 Erfei Bi da Joe Lutkenhaus na Jami'ar Kansas da ke Amurka suka nuna cewa yana taruwa ya yi zobe a tsakiyar ƙwayar, daidai inda za ta tsinke. Zoben ne ke tattaro sauran ma'aikata, cikinsu har da FtsI, maginin da ke ɗaure sabon bango tsakanin 'ya'yan biyu. Kowannensu yana da ƙwayar gado mai ɗauke da umarnin ƙera shi. In ta lalace, sai bakteriyar ta yi ta tsawo kamar zare, ta kasa rabuwa.

Penisilin da danginsa, irin su ampisilin da amoksisilin, hannun maginan bango suke ɗaurewa. Bango ya yi rauni, ƙwayar ta fashe. To, bairos mai kawo mura ba shi da bango, ba shi da zobe. Shan kafso domin mura asarar kuɗi ce tsantsa, kuma ita ce ƙaramar asarar.

Babbar ita ce wannan. Wasu daga cikin ƙwayoyin Staphylococcus aureus, masu haddasa maruru da ruɓar ciwo, sun samu ƙwayar gado da ake kira mecA. Da ita suke ƙera wani magini dabam, PBP2a, wanda yawancin dangin penisilin ba sa iya riƙewa. Duk lokacin da ka sha maganin ba gaira ba dalili, masu rauni kake sharewa, ka bar wa irin waɗannan fili su yaɗu, daga jikinka su kai ga iyalinka. Alexander Fleming, wanda ya gano penisilin, tun 1945 ya yi kashedi kan shan sa ƙasa da ƙima.

A ganina, mai sayar da kafso ɗai-ɗai a tasha da mai saye duk suna da laifi, sai dai kai ne za ka kwanta a gadon asibiti. Ka bari likita ya duba ka. In ya rubuta, ka sha adadin da ya faɗa, a kan lokaci, tsawon kwanakin da ya ƙayyade. Kada ka ajiye saura domin gobe, kada ka ba maƙwabci.

Masu bincike sun daɗe suna neman maganin da zai karya zoben FtsZ kansa, amma har yau babu shi a kantin magani.