Zancen Iyali: Wasan Kyauta Mai Ƙofofin Kuɗi

A watan Yuli na 2016 wani kamfani na Amurka mai suna Niantic ya fito da wasan wayar hannu da ake kira Pokémon GO. Ga waɗanda ba su san shi ba, ga yadda yake. Wayar ta san inda mai ita yake tsaye, sai ta nuna masa taswirar unguwarsa, da waɗansu 'yan dabbobi na zane da suke ɓullowa nan da can. In yana so ya kama su, dole ya tashi ya taka da ƙafarsa. A cikin taswirar akwai zanguna, watau wurare na gaske kamar lambun shan iska, ko ɗakin karatu, ko majami'a, inda ake ɗibar kayan wasa. Akwai kuma fagage inda dabbobin suke karawa da juna.

Iyaye da yawa a Turai da Amurka suka yi murna, gama ga wasan da yake fitar da yara daga ɗaki. Ba a kuwa biyan ko kwabo kafin a sa shi a waya. Amma banza ba ta kai zomo kasuwa.

Wasan yana da kwabbai nasa na kansa, sunansu PokéCoins. A Amurka ana sayar da guda 100 wajen dala ɗaya. Ana iya samunsu kyauta, amma tun 2017 aka tsai da iyaka, ba su wuce 50 a yini. Ga yadda ake samunsu. Mutum ya ajiye dabbarsa ta yi gadin fage, ba zai ga ladan ba sai ran da wani ya zo ya kore ta. To, me za a yi da kwabban? Jakar kaya takan cika, sai a biya 200 a ƙara mata wuri 50. Akwai ƙwai da ba su ƙyanƙyashewa sai an yi tafiyar kilomita 2, ko 5, ko 10. Akwai akwatin ƙyanƙyasa guda ɗaya na kyauta. Na ƙari yawanci sai an saya, sau uku kaɗai ake amfani da shi ya lalace. Mai saye kuma bai san abin da zai fito daga ƙwan ba, shi ya sa waɗansu suke cewa abin ya yi kusa da caca.

Ku lura da dabarar, 'yan'uwa. Ba a rufe wa kowa babbar ƙofa ba. An dai gina ɗakin ƙanƙane da gangan, sa'an nan aka tsaya a bakinsa ana sayar da sarari.

Babbar rigima ta taso ne daga abin kirki. Sa'ad da annobar korona ta kulle mutane a gida a 2020, kamfanin ya yi sassauci. Dā sai mutum ya matso mita 40 kusa da zango kafin ya ɗibi kaya, aka mai da shi mita 80. Aka kuma fito da tikitin yaƙi daga nesa. Akwai manyan dabbobi da mutum ɗaya ba ya iya ka da su, sai an taru a fage guda a lokaci guda. Da wannan tikiti mutum yana zaune a ɗakinsa zai shiga yaƙin tare da abokai, ko da suna wata ƙasa.

A nan ne aka ga waɗanda wasan ya daɗe yana bari a baya. Guragu masu keke, da marasa lafiya, da uwaye masu goyo, da masu aikin dare, duk suka sami shiga. Haka kuma mutanen ƙauye. Yawancin zangunan farko an ɗauko su ne daga wani tsohon wasan kamfanin mai suna Ingress, inda 'yan wasa da kansu suka nuna wuraren, mafi yawansu kuwa mazauna birni ne. Saboda haka mai zama a tsakiyar Landan ko Tokiyo yana da zanguna birjik, na ƙauye kuwa watakila ɗaya tak. Dabbarsa ma takan yi mako biyu tana gadi babu mai korarta, ran da ta komo kwabbai 50 ɗin nan ne dai.

A watan Agusta na 2021 kamfanin ya mai da nisan zuwa mita 40 a Amurka da Niyu Zilan. Jama'a suka yi ca, suna rubuta wasiƙu, waɗansu suka daina saye. Kafin watan ya ƙare aka komar da mita 80. Amma ran 6 ga Afrilu 2023 aka sāke taɓa su. Tikitin nesa ya tashi daga kwabbai 100 zuwa 195, ƙunshin guda uku daga 300 zuwa 525, aka kuma ce kada kowa ya wuce yaƙi biyar daga nesa a yini. Ku yi lissafi. Wanda ba ya sa kuɗinsa, dā kwana biyu yake tarin tikiti ɗaya, yanzu ya zama kwana huɗu.

Kamfanin ya ba da hujjarsa, ya ce an yi wasan ne domin mutane su fita su sadu da juna, tikitin nesa kuwa ya rinjayi kome. Ba mu ce maganar banza ce ba. Ba mu kuma ce a yi wasan a kyauta har abada ba, gama akwai ma'aikata da injuna da suke cin kuɗi kowace rana. Amma tambayar da masu wasan suka yi tana nan ba a amsa ba. In fita waje ake so, iyakar nan ta biyar ta isa. Ƙarin farashi fa, wa ya fitar daga ɗaki? Mai kuɗi ya biya ya yi zamansa. Gurgu da ɗan ƙauye su ne suka ji a jikinsu. A 2025 aka ɗaga iyakar zuwa goma, farashin dai bai koma na dā ba.

Abin da ya sa muka kawo zancen a wannan shafi shi ne, irin wannan gini yana cikin wasanni da yawa da yaranmu suke sawa a wayoyinmu, ko da ba na tafiya da ƙafa ba ne. Ana mai da kuɗi kwabban wasa domin kada yaro ya ji nauyin abin da yake kashewa. Wanda ya haɗa katin bankinsa da wayarsa, bari ya sani akwai wurin da ake saitawa, waya ta riƙa neman lambar sirri kafin kowane saye. Ya fi kyau kuma uwa ko uba su zauna da yaron su tambaye shi, “Wannan tikiti nawa ne da kuɗin gaske?” Sau da yawa shi kansa bai taɓa lissafawa ba.

Akwai kuma batun wane ne mai kayan da aka saya. Niantic ya fito da wani wasan tafiya mai suna Harry Potter: Wizards Unite a watan Yuni na 2019. Ran 31 ga Janairu 2022 aka rufe shi, duk abin da mutane suka tara a ciki, na gumi da na kuɗi, ya tafi tare da shi. Pokémon GO kuwa ya sauya ubangida. A watan Maris na 2025 aka ba da sanarwa Niantic zai sayar da sashensa na wasanni ga kamfanin Scopely a kan dala biliyan 3.5. Scopely mallakar Savvy Games Group ne na ƙasar Saudiyya, shi ne kuma mai wasan Monopoly GO, wanda ya yi suna wajen yawan tallar saye a cikinsa. Shugabannin wasan suka fito suna kwantar wa jama'a hankali cewa ma'aikatan dā ne za su ci gaba da riƙonsa. Masu wasan da suka tuna da Afrilun 2023 suka ji, suka ce za su zuba ido su gani.